GAM MAI GARIN ƘARFE: YADDA ZA A ZAƁE SHI DOMIN GYARAN INJI

Gabatarwa

A yau da wuya a sami wata sana'a a ƙasar nan wadda ba ta dogara ga inji ba. Manomin rani yana jiran injin ban ruwa, matan gida suna jiran mai niƙa, fasinja yana jiran direba. A Maiduguri, babban birnin Jihar Borno, abin ya fi fitowa fili. Tun da aka hana hawan babur a birnin cikin 2011, Keke Napep ya ɗauke yawancin zirga-zirgar jama'a. A watan Janairu na 2021 aka lalata turakun da ke kawo wutar lantarki daga Damaturu, mutane suka daɗe ba su da madogara sai janareta. Ran 10 ga Satumba 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta shanye unguwanni da yawa tare da motoci da injunan da ke cikinsu. Bayan wannan duka, tun daga 2023 da darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada ƙwarai.

Saboda haka, daga Tashar Kano har hanyar Baga, idan ƙarfen inji ya tsage ko ya huje, abin da makaniki ya fi saurin miƙa hannu ya ɗauka shi ne gam ɗin nan mai kashi biyu wanda ake kwaɓawa. Wani ya liƙe ya yi shekaru yana aiki, wani kuwa tun bai kai Benisheikh ba liƙin ya saki, baƙin mai ya tsiyaye, inji ya buga. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a dalilin wannan bambanci, domin mai inji da makaniki su san abin da za su saya da inda za su sa shi. Gwamnati ba ta tallan kayan kowane kamfani. Sunayen da aka ambata a nan misali ne kawai.

Mene ne wannan gam?

Sunansa a wurin masana ifoksi. Yana zuwa kashi biyu, uwa da mahaɗi. Mutanen Borno da Yobe sun san ƙaro, sun kuma san cewa yana bushewa ne idan ruwan da ke cikinsa ya ƙafe, in an sake jiƙa shi ya narke. Ifoksi ba haka yake ba. Idan uwa ta gamu da mahaɗi sai su sarƙe da juna su zama wani abu dabam mai tauri, wanda ruwa ba ya narkar da shi. Don haka ba iska ke busar da shi ba, daidaiton awo da lokaci da ɗumi su ne ke daskarar da shi.

An gano shi a Turai da Amurka tsakanin shekarun 1930 da 1940. Daga cikin waɗanda suka yi aikin akwai Pierre Castan a Suwizalan da Sylvan Greenlee a Amurka. A 1946 kamfanin Ciba na Suwizalan ya fito da Araldite, wanda sunansa ya bazu har a kasuwanninmu. Daga baya aka soma cuɗa shi da garin ƙarfe ko na alminiyum domin gyaran injuna. Haka kamfanoni irin su Belzona da Devcon suka yi suna a shekarun 1950, sa'an nan J-B Weld ya biyo baya a Jihar Teksas cikin 1969.

Garin ƙarfen yana da amfani uku. Yana sa kwaɓin ya yi kauri ya cike rami ba tare da ya zube ba. Yana rage yawan motsin da gam ke yi idan ya ji zafi ko sanyi. Yana kuma sa a iya goge shi da magagari, a huda shi, a daidaita shi bayan ya daskare. Amma lalle mai karatu ya riƙe wannan: garin ba ya mayar da gam ya zama ƙarfe. Gam mai kyau yakan jure jan da ya kai kilo 200 zuwa 350 a kan kowane murabba'in santimita, ƙarfen da ake gini da shi kuwa yakan jure wajen kilo 4,000. Rubutun da ke jikin kwali mai cewa walda ce ba wuta lafazin kasuwa ne. Yawancinsa kuma ba ya ɗaukar lantarki, saboda haka ba ya gyara kan batir.

Abin da ke jiran gam a jikin inji

Abu na farko zafi. Ruwan lagireto yakan kai digiri 85 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyos. Baƙin mai yakan kai 90 zuwa 120. Kan silindar injin da iska ke sanyaya shi, irin na ƙaramin janareta, yakan haura 150. Hayaƙin da ke fita ta bakin salansa yakan kai ɗaruruwan digiri, cikin silinda kuwa inda mai ke ƙonewa ya haura 2,000. Gam ba ya narkewa kamar kitse, amma kowane iri yana da matakin zafin da idan ya kai sai ya yi laushi ya rasa yawancin ƙarfinsa. Ga gama-garin gam mai saurin kamawa, wannan mataki yana ƙasa da zafin tafasar ruwa.

Abu na biyu miƙewa da tsukewa. Sandar alminiyum mai tsawon mita 1, idan zafinta ya ƙaru da digiri 100, takan ƙara tsawon milimita 2.3. Ƙarfen zubi, wanda ake yin bulon manyan injuna da shi, yakan ƙara wajen milimita 1.1. Gam marar gari yakan ƙara milimita 5 zuwa 6. Kullum aka ta da inji aka kashe, ƙarfe da gam suna ja-in-ja a bakin liƙin, har wata rana ya ɗago.

Abu na uku ruwaye. Baƙin mai da man dizal ba su cika cutar da gam mai kyau ba idan ya gama daskarewa. Ruwa mai zafi ya fi su illa. Man birki yana cin sa. Sinadarin metanol ma haka, kuma jama'a ba su manta da gurɓataccen fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon shekarar 2022 ba.

Abu na huɗu jijjiga. Gam yana jure dannawa sosai, amma ba ya jure lanƙwasawa da ɓamɓarewa. Duk wurin da ƙarfe ke motsi a bakin tsaga, liƙi ba zai daɗe ba.

Inda ya dace da inda bai dace ba

Gam mai garin ƙarfe yana aiki a wuraren da ba su ɗauke da nauyi, zafinsu kuma bai wuce kima ba. Alal misali:

1. Ƙaramar huda ko tsaga a kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji.
2. Marfin gefen injin Keke Napep ko na janareta, da jikin giyabos inda ba noti.
3. Ramukan da tsatsa ta ci a fuskar da ake ɗora gasket, kamar mazaunin famfon ruwa.
4. Jikin famfon ban ruwa wanda yashi ya cinye daga ciki.
5. Tsagar waje a bangon bulo inda ruwa ke ɗiga, muddin ba ta kai wurin notin kan silinda ba.

Akwai kuma wuraren da ko kusa ba a sa shi:

1. Cikin silinda, kan fistin, mazaunin bawul, da fuskar da ke tsakanin bulo da kan silinda a kewayen wuta.
2. Salansa da manifol ɗin hayaƙi. Abin da ake sayarwa domin salansa wani kwaɓi ne dabam, ba ifoksi ba.
3. Karanshaf da sandar fistin. Injin da ya zuƙi ruwa yana cikin aiki, kamar yadda kan faru a lokacin ambaliya, sandarsa kan lanƙwashe, har ta fasa bulo. Wannan sai canji.
4. Duk abin da ya shafi birki, da sitiyari, da ƙafar mota.
5. Bututun mai na injin dizal mai matsi, da tukunyar iskar gas. Tun daga 2023 Gwamnatin Tarayya ke ƙarfafa mayar da motoci masu amfani da iskar gas, kuma matsin da ke cikin irin wannan tukunya ya ninka na tayar mota wajen sau 100. Wanda ya liƙe ta ya ɗauki ajalinsa da na fasinjojinsa.

Tankin lagireto na roba da jarkar roba su ma ba su riƙe ifoksi da kyau. Idan zaren noti ya cinye a wuri mai ɗaure nauyi, gara a sa zoben zare na ƙarfe ko a faɗaɗa ramin a yanka sabon zare. Idan tsagar ƙarfen zubi ta yi tsawo, akwai waldar ƙwararru, akwai kuma ɗinkin ƙarfe, inda ake jera ƙusoshi masu zare a bin tsagar ba tare da wuta ba.

Abubuwa shida da za a duba kafin a saya

Na ɗaya, zafin da yake jurewa. A karanta lambar da harafin da ke gabanta. Kayan Amurka sun fi rubuta F, watau ma'aunin Faranhait, alhali mu da C muke lissafi. Digiri 250 na F daidai yake da 121 na C, digiri 500 na F kuwa 260 ne na C. Har wa yau a nemi lamba biyu, ta busasshen wuri da ta cikin ruwa. Misali, takardar Devcon Plastic Steel Putty ta nuna digiri 121 a bushe amma 49 kacal a jiƙe, ta Devcon Titanium Putty kuwa 177 a bushe da wajen 65 a jiƙe. Kamfanin da ya rubuta duka biyun ya taimaki mai saye. A kuma sani cewa babbar lambar da ke gaban kwali sau da yawa tana nufin zafin da gam zai kai bai ƙone ba, ba zafin da zai ci gaba da riƙo da cikakken ƙarfinsa ba.

Na biyu, lokacin daskarewa. Sauri ya haifi nawa. Gam mai kamawa cikin minti 4 ko 5 ya fi kowane yawa a kasuwa, amma shi ne mafi rauni a gaban zafi da ruwa. Amfaninsa ya kai mota gari, sa'an nan a yi gyara na sosai. Mai jinkiri, irin J-B Weld na asali wanda ke kamawa cikin awa 4 zuwa 6 ya gama daskarewa cikin awa 15 zuwa 24, shi ya fi dacewa da inji.

Na uku, irin garin da ke ciki. A sa mai garin ƙarfe a kan ƙarfe, mai garin alminiyum a kan alminiyum. Domin cikin famfon da yashi ke gogewa akwai mai garin tangaran, wanda ya fi su jure zaizaya.

Na huɗu, kauri. Mai ruwa-ruwa yana ratsa siririyar tsaga amma yana zubewa a tsaye. Mai kauri kamar tuwo yana cike rami a bango ko a sama. Wanda ke zuwa kamar sandar alewa, a yanka a murza da hannu, yana da sauƙin ɗauka a tafiya, sai dai bai kai sauran kama ƙarfe ba.

Na biyar, awon haɗi. Ba kowane gam ne ake haɗa shi rabi da rabi ba. J-B Weld na asali ɗaya da ɗaya ne, Belzona 1111 kuwa kashi 3 na uwa ne da kashi 1 na mahaɗi bisa cika. Ƙara mahaɗi ba ya ƙara ƙarfi. Abin da ya yi rara ba ya samun abokin sarƙewa, sai ya bar liƙin da laushi.

Na shida, kwanan wata da wurin ajiya. Gam yana tsufa, zafi kuma yana hanzarta tsufansa. Wanda ya yi watanni a rataye a rumfar kwano a rana ba ɗaya yake da wanda aka ajiye a inuwa ba. A duba ranar ƙarewar aiki, da lambar rukuni, da cikakken adireshin kamfani. Kwalin da ba shi da waɗannan a bar shi, ko nawa aka rage. Araha ba ta ado.

Gwaji mai sauƙi

Kafin a damƙa wa sabon gam inji mai tsada, a gwada shi. A kwaɓa kaɗan a liƙa guntayen ƙarfe biyu-biyu masu tsabta, a bar su kwana ɗaya cur. A jefa guda cikin tafasasshen ruwa na rabin awa, a ciro a danna da ƙusa tun yana da zafi. A jiƙa ɗayan cikin fetur a rufaffiyar kwalba na kwana uku, nesa da wuta. Wanda ya yi laushi ko ya kumbura ko ya saki, ba na inji ba ne.

Yadda ake aikin

Mafi yawan liƙin da ke saki, laifin shiri ne. Gam ba ya kama mai, ba ya kama tsatsa, ba ya kama fenti. A bi waɗannan matakai:

1. A juye mai ko ruwan da ke bayan wurin, in da hali a kwance ƙarfen a fito da shi.
2. A nemo ƙarshen tsagar ta kowane gefe, a huda ɗan rami mai faɗin milimita 3 a nan, domin kada ta ci gaba.
3. A faɗaɗa bakin tsagar ya zama kwari, a kankare kewayenta da samfefa mai kaushi har farin ƙarfe ya fito. Wuri mai sulɓi ba ya riƙe gam.
4. Ƙarfen zubi da ya daɗe cikin mai yana shan mai. A ɗumama shi a hankali, mai zai tsatso, a goge, a maimaita har ya daina. Ba a yin wannan ga tankin mai ko kusa da shi.
5. A wanke da asiton ko ruwan wanke birki na gwangwani, a goge da tsumma mai tsabta. Kada a wanke da kananzir ko dizal ko fetur, domin suna barin maiƙo.
6. A kwaɓa bisa awo har launi ya zama ɗaya. A fara shafa siririn shafi a danna shi ya shiga kaushin ƙarfe, sa'an nan a cike, a zarce bakin tsagar da santimita 2 zuwa 3. Idan ramin babba ne a ɗora farantin ƙarfe a ɗaure shi da noti, gam ya zama mai toshe yoyo kawai.
7. A jira cikakken lokacin da aka rubuta kafin a zuba mai ko a ta da inji.

Alminiyum yana yin wata yana a fuskarsa jim kaɗan bayan an goge shi, saboda haka a shafa gam nan take.

Yanayin Maiduguri yana da nasa hukunci. Lokacin da ake rubutawa a kwali an auna shi ne a wajen digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana rage shi da kusan rabi. A watan Afrilu da zafi kan haura 40, gam ɗin da aka ba minti 45 yana iya fara tauri cikin rubu'in awa. A yi aiki da safe a inuwa, a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan a shimfiɗe, domin tarin kwaɓi yana ɗaukar zafi da kansa ya daskare da wuri. A lokacin hunturu kuwa sanyin dare yana jinkirta daskarewa, ƙura kuma tana sauka a kan wurin da aka wanke, sai a rufe shi. Bayan gam ya kama, ɗumi mai sauƙi kamar na rana yana ƙara masa tauri. Kada a kai masa harshen wuta.

Sauya fasalin inji

Wasu makanikai kan yi amfani da gam wajen toshe hanyar da ba a bukata, ko rage faɗin hanyar iska a manifol ɗin shiga, ko daidaita mazaunin kafireto da aka ɗauko daga wani inji. Gefen shigar iska ya fi na hayaƙi sanyi, saboda haka abin yana yiwuwa. Amma haɗarin a nan ya fi na gyaran waje, domin guntun da ya ɓalle cikin silinda zai nufa, ya lanƙwasa bawul ko ya fasa fistin, garin gyaran gira a rasa ido. Mai wannan aiki ya zaɓi gam mai jinkiri wanda takardarsa ta ce yana jure fetur, ya yi wa ƙarfen ramuka ko ya kafa gajerun ƙusoshi masu zare domin gam ya sami abin kamawa ko da ya saki. Wanda bai ƙware ba ya nemi shawarar masana, kamar malaman sashen kanikanci na Jami'ar Maiduguri ko na Kwalejin Fasaha ta Ramat.

Kiyaye lafiya

Ɗanyen gam yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin sa da wuya ya sake jure shi. Mahaɗin yana ƙona fata da ido. A sa safar hannu, a yi aiki inda iska ke shiga, a rufe hanci lokacin gogewa. Idan ya taɓa fata a wanke da sabulu da ruwa, ba da fetur ba. Idan ya shiga ido a yi ta zuba ruwa na minti 15, a tafi asibiti. A ɓoye shi daga yara, kada kuma a liƙe tukunyar girki da shi.

Amana tsakanin mai gyara da mai kaya

Haƙƙi ne a kan makaniki ya faɗa wa mai inji cewa liƙi aka yi, da kuma ko na ɗan lokaci ne. Direban da ya san haka zai riƙa duba mai da ruwa kafin ya kama hanyar Monguno ko Gamboru Ngala, inda kwana a daji ba abin wasa ba ne. Mai sayen tsohon inji kuma ya lura da wurin da aka yi wa sabon fenti shi kaɗai, ya ƙwanƙwasa da ƙaramin ƙarfe, domin liƙi ba ya amo irin na ƙarfe. Ɓoye tsaga domin a sayar ha'inci ne.

Wanda ya gamu da jabun gam ya ajiye kwalin da rasit, ya kai ƙara ofishin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON, wadda aka kafa da doka mai lamba 56 ta 1971, ko kuwa Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, watau FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa.

Kammalawa

Kafin a buɗe kwali, mai gyara ya tambayi kansa abu huɗu: zafin wurin nawa ne, wane ruwa ke taɓa shi, yana ɗauke da nauyi, kuma me zai faru idan liƙin ya saki a kan hanya? Idan amsar ta ƙarshe ita ce ɗigon mai, to a liƙa bisa ƙa'idar da aka bayyana. Idan kuwa amsar ita ce gobara ko haɗari, a ajiye gam a nemo sabon ƙarfe. Ana roƙon wanda ya karanta wannan littafi ya karanta wa abokan sana'arsa da yaran garejinsa waɗanda ba su sami damar karantawa ba.